Ba Kowace Juma'a Ake Gane Ta Tun Laraba Ba

Ranar Alhamis ce, 23 ga Mayun 2019, ana tsakiyar azumi. Aikina tuƙi ne a birnin Washington da kewayensa, saboda haka rediyon mota ne abokin hirata tun safe har yamma. Ƙungiyarmu ta ƙwallon besbol, Washington Nationals, tana can New York tana karawa ta huɗu a jere da Mets, kuma an riga an cinye ta a ukun farko. A zagaye na takwas alƙalin wasa ya sallami kocinmu Dave Martinez daga fili saboda gardama. Korar tasa kamar ta zuga yaran, suka yunƙuro suka shige gaba, har na gyara zama na ƙara sautin rediyo. Ba a jima ba wani ɗan wasan Mets mai suna Carlos Gómez ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, maki uku a bugu ɗaya. Aka tashi 6 da 4. Lissafin kakar ya zama wasa 50, nasara 19, rashin nasara 31.

Da yammacin nan kowa ya buga waya gidan rediyo maganarsa ɗaya ce: a kori Martinez. Wasu suka ƙara da cewa a sayar da manyan 'yan wasan tun suna da daraja, a rufe littafin shekarar, a fuskanci baɗi. Ban buga waya ba, amma da muka zauna shan ruwa na faɗa wa ɗana abin da su ma suka faɗa. Yaron yana da shekara 11 a lokacin. Ya ajiye kofin kununsa ya ce, "Baba, ai saura wasa 112." Na ce masa wanda ya kasa a 50 ba zai iya a 112 ba. Da zuciya ɗaya na faɗa, kuma ban yi daidai ba. Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina, domin duk shekara idan Afrilu ta kama sai na sake jin irin wannan hukunci daga bakin magoya baya, a wannan birni da sauran birane.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda ɗana ya koya mini shi. Kowane ɓangare mutum tara ne. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayan na bugu. Mai jifa zai wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemon zaƙi, da gudun da kan haura kilomita 150 a awa. Mai bugu yana tsaye da kulki. In ya same ta sai ya ruga, ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, wanda ake kira gida, kuma duk wanda ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya. Haka za a yi ta yi har zagaye tara. Ba agogo ne ke tashin wasa ba, kuma ba a canjaras.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsawon kakar. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar Amurka, kowace tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa, idonmu ya saba da kakar wasa 38 irin ta Ingila, inda faɗuwa uku a jere kan girgiza kujerar koci. A besbol wasa goma na farko bai wuce a ce an buga wasa biyu da ɗoriya a gasar Firimiya ba. Masu wasan suna da wata tsohuwar magana: komai ƙarfinka za a cinye ka a kashi ɗaya cikin uku, komai rauninka za ka ci kashi ɗaya cikin uku, ragowar kashin ne ke nuna ko kai wane ne. Ƙungiyar Seattle ta 2001, wadda ta ci wasa 116, sau 46 aka doke ta. Mai bugun da ke samun sa'a sau uku cikin goma gwarzo ne, ana biyansa miliyoyi. Wasa ne da aka gina shi a kan faɗuwa da tashi, kuma mako biyu na rashin sa'a yana samun kowa.

Ba zan ce mutanen Washington ba su da hujjar fushi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Birnin ya rasa ƙungiyarsa a 1971, ya zauna shekara 33 babu besbol, sai a 2005 aka dawo masa da wasan lokacin da aka ɗauko ƙungiyar Montreal daga Kanada. A lokacin, rabon birnin da kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, tun 1924. Sau huɗu, a 2012 da 2014 da 2016 da 2017, Nationals ta zo ta ɗaya a rukuninta, sau huɗu kuma aka fitar da ita a matakin farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Kocin da ya kai ta biyun ƙarshe, Dusty Baker, ya ci wasa 95 sannan ya ci 97, amma aka ƙi sabunta masa kwantiragi, aka kawo Martinez wanda bai taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba. Shekararsa ta farko ya gama da 82 da 80. Sannan kafin a fara kakar 2019 tauraron ƙungiyar, Bryce Harper, ya tattara ya koma Philadelphia a kan dala miliyan 330 na shekara 13. Ranar 2 ga Afrilu ya dawo filinmu sanye da rigar abokan hamayya, aka yi ta yi masa ihu, shi kuwa ya rufe daren da bugun da ya tsallake katanga. Wanda ya haɗiye wannan duka, sannan ya wayi gari ya ga 19 da 31, dole ransa ya ɓaci.

Inda na raba hanya da su, da kuma kaina na wancan lokacin, shi ne wurin gano cutar. Abin da idonmu ya gani gaskiya ne, ƙungiyar tana faɗuwa. Amma ba mu tsaya mun tambayi dalili ba, kuma dalilan a fili suke ga duk wanda ya so dubawa.

A wannan daren na dawowar Harper, tun zagayen farko, ƙwallo ta karya wa Trea Turner ɗan yatsa. Shi ne mai buɗe mana bugu kuma ya fi kowa gudu a ƙungiyar. Bai dawo ba sai tsakiyar Mayu. Anthony Rendon, wanda ya fi kowa iya bugu, ƙwallo ta same shi a gwiwar hannu cikin Afrilu, shi ma ya kwanta. Juan Soto, yaro ɗan shekara 20, ciwon baya ya zaunar da shi a farkon Mayu. Ryan Zimmerman, dattijon ƙungiyar, wanda ita ta fara ɗauka tun 2005, tafin ƙafa ya hana shi sakat. Akwai ranakun da za ka duba jerin masu bugu ka ga rabinsu 'yan benci ne. Karyayyen yatsa ba koci ne ke ɗora shi ba, lokaci ne. Wannan ɓangaren cutar yana da ranar warkewa, kuma kowa ya san ranar ta kusa.

Ɗaya ɓangaren ya fi tsanani, kuma a nan magoya baya suka yi gaskiya. Mai jifan da ya fara wasa yakan gaji a zagaye na shida ko na bakwai, sai a kira masu karɓarsa su ƙarasa. Masu farawarmu ba na wasa ba ne, akwai Max Scherzer da Stephen Strasburg da Patrick Corbin. Masu karɓar kuwa su ne ƙofar da ɓarawo ke shigowa. An ɗauko Trevor Rosenthal da fatan zai riƙe zagaye na takwas, sai ga shi ya fito sau huɗu a jere bai fitar da ko mutum ɗaya ba. Ban taɓa ganin abin tausayi irin wannan a fili ba: ƙato mai ƙarfin hannu, ƙwallon na fita da gudu amma ba ta zuwa inda ya aike ta, dubban mutane na kallonsa. A watan Yuni aka sallame shi. Sau da yawa Scherzer zai yi gumi zagaye bakwai ya bar mu a gaba, kafin ya gama goge fuska an rushe abin da ya gina. To, a nan tambayar ita ce wa ya tara waɗannan mutane? Koci ba ya sayen 'yan wasa. Abin da aka ba shi da shi yake aiki, kuma duk wanda ya ɗaga waya ya kira daga cikinsu wuta ce. Neman a kori Martinez saboda haka barin jaki ne ana dukan taiki. An ma gwada irin wannan maganin a ƙaramin mataki, domin a farkon Mayu an kori mai horar da masu jifa, kuma mako uku bayan haka muna kan 19 da 31.

Akwai wani dattijo baƙar fata da muke yawan haɗuwa da shi a saman bene na filin Nationals Park, can inda tikiti ya fi araha, inda kana hango kogin Anacostia. Kullum yana zuwa da littafinsa mai layi-layi da guntun fensir ɗaure da zare. Kowace ƙwallo aka buga sai ya sunkuya ya yi 'yar alama a cikin akwati, kuma idan ya yi kuskure yakan goge da babban yatsa har takardar ta yi baƙi. Ya ce mini tun yana yaro mahaifinsa ke kai shi kallon tsohuwar ƙungiyar birnin, kafin a ɗauke ta. Bayan sallah muka je wasa, na tarar da shi, na zazzage masa duk abin da ke cikina game da koci. Bai yi mini musu ba. Ya buɗe shafukan baya yana nuna mini da fensir: wannan wasan muna gaba har zagaye na bakwai, wannan ma haka, wannan kuma da maki ɗaya aka ci mu. Ya ce, "Ɗana, ƙungiyar da ba ta da kyau tun zagaye na uku ake gamawa da ita. Wannan sai a na takwas take mutuwa. Nemo mata mutum biyu kawai." Ya rufe littafin ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Wannan ita ce irin maganar da nake so in riƙa ji daga bakin masoyin ƙungiya. Ba yabo ba ce, domin ya fi ni sanin inda ke yoyo. Bambancinsa da masu kiran rediyo shi ne ya zauna ya ƙirga, su kuwa zafin daren jiya ne ke magana a bakinsu. Manomi ya san ruwan farko ba shi ne damina ba, ya kuma san fashin mako biyu ba shi ne fari ba. Yakan tona ƙasa ya ga inda laima ta tsaya kafin ya ce shekara ta ɓaci.

A wannan shekarar ta 2019 ɗin dai, a ɗaya gefen ƙasar, Seattle Mariners ta buɗe kaka da nasara 13 cikin wasa 15. Magoya bayanta suna ta murna, mu muna ta baƙin ciki. Ta gama shekarar da 68 da 94, ta ƙarshe a rukuninta, kuma kafin ƙarshen Yuli ita ce ke sayar mana da masu jifanta. Shekara ɗaya kafin nan Mets ta fara da 11 da 1, ta ƙare da 77 da 85. Murnar Afrilu da kukan Afrilu duk uwarsu ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma da shi aka rene ni: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karin maganar ba ƙarya ba ne, kuma a besbol ma yana cika. Chicago White Sox ta 2024 ta ci wasa 3 kacal cikin 25 na farko, ta kuma gama da faɗuwa 121, abin da ba a taɓa gani ba a zamanin nan. Wanda ya ce a watan Afrilu wannan ƙungiya ba za ta kai ko'ina ba, ya faɗi gaskiya. Yawancin ƙungiyoyin da suka tsinci kansu a 19 da 31 a gida suke kallon wasannin neman kofi na Oktoba, kuma ba na so kowa ya karanta wannan rubutu ya ɗauka kowace matacciyar kaka tana farfaɗowa. Haka kuma akwai lokutan da canza koci ya zo da alheri. Florida Marlins ta 2003 ta kori Jeff Torborg tana 16 da 22, ta ɗauko Jack McKeon mai shekara 72, ta je ta doke Yankees ta ɗauki kofi. Philadelphia ta 2022 ta kori Joe Girardi tana 22 da 29, Rob Thomson ya kai ta har wasan ƙarshe. Waɗannan su ne misalan da masu cewa a kora ke riƙe da su, kuma na gaske ne.

Sai dai ba sa kawo sauran. Kwanaki kaɗan bayan korar Girardi, Los Angeles Angels ta kori Joe Maddon tana tsakiyar faɗuwa a jere, ta kuma gama shekarar da 73 da 89. Maƙwabtanmu na Baltimore a 1988 sun kori Cal Ripken babba bayan wasa shida kacal, alhali 'ya'yansa biyu suna cikin ƙungiyar. Aka kawo Frank Robinson, aka ƙara cinye su sau 15 a jere, ya zama 21 ba nasara ko ɗaya, suka gama da faɗuwa 107. Korar koci ita ce abu mafi sauƙi da masu ƙungiya za su yi don a ga sun motsa, domin mutum ɗaya ya fi mutum 25 sauƙin sallama. Wani lokaci ta dace da ranar da sa'a ta juyo, sai a ce magani ya ci. Abin da karin maganar ke nufi shi ne a kalli Larabar da kyau, a duba sama a ga irin hadarin. White Sox ba ta da 'yan wasan da za ta jira su warke, abin da ke fili shi ne iyakar abin da take da shi. Nationals kuwa tana da uku daga cikin fitattun masu jifa na gasar, kuma gwanayen bugunta suna ɗakin jinya ne kawai. A takarda lambobin biyu sun yi kama, amma ciwon ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ba su magani ɗaya bai duba majinyacin ba.

Shugaban da ke kula da sayen 'yan wasa, Mike Rizzo, bai kori kocin ba. Washegarin wannan Alhamis ɗin aka doke Miami 12 da 10 a wani wasa mai cike da kurakurai, daga nan abubuwa suka fara daidaita. Martinez bai canza waƙarsa ba, kullum abin da yake gaya wa yaran shi ne a ci wasan yau kawai, a bar na gobe sai goben. A watan Mayu mutane suna jin haushin wannan magana, suna ganin ta wanda ba shi da dabara ce. A watan Yuni Scherzer ya karya hanci wurin atisaye, washegari ya fito da ido a kumbure ya yi baƙi, ya yi jifa zagaye bakwai Philadelphia ba ta ci ko maki ɗaya ba. Ranar ƙarshe ta cinikin 'yan wasa, 31 ga Yuli, Rizzo ya kawo masu karɓa uku, cikinsu har da Daniel Hudson daga Toronto. Daga 24 ga Mayu zuwa ƙarshen kaka ƙungiyar ta ci 74 ta faɗi 38, ta gama da 93 da 69. Ba ta kamo Atlanta da ke kan gaba a rukuninta ba, amma ta samu gurbin shiga wasannin neman kofi ta ƙofar baya, inda a lokacin wasa ɗaya tak ke raba gardama.

Daren 1 ga Oktoba ba zai fita daga raina ba. Muna falo ni da ɗana, Milwaukee tana gaba da 3 da 1, an shiga zagaye na takwas, kuma sun kawo Josh Hader, wanda a lokacin kusan ba a taɓa ƙwallonsa. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Tashoshi uku duk da mutanenmu a kai. Soto ya shigo, yana share ƙasa da ƙafa yana kallon mai jifan ido cikin ido kamar yadda ya saba. Yaron nawa ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban talabijin, ya kama gefen rigata ya murɗe. Soto ya buga ta dama, ƙwallon ta yi tsalle ta kuɓuce wa mai tsaron wajen, mutum uku suka dawo gida. An kama Soton a tsakanin tashoshi, amma ko a jikinsa, yana ta dukan ƙirji yana ihu. Uwar yaran ta fito daga ɗaki a firgice tana tambayar lafiya. Aka tashi 4 da 3. Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne wanda ya riƙe wasan kafin nan: Strasburg ne, mai farawa, Martinez ya sa shi ya shigo a matsayin mai karɓa ya yi zagaye uku ba a ci shi ba.

Wannan dabarar ita ce ta ɗauke mu har ƙarshe, kuma ita ce amsar da ta fi ƙarfi ga masu cewa mutumin bai san aikinsa ba. Raunin masu karɓar nan bai taɓa warkewa ba, har kaka ta ƙare suna cikin mafi rauni a gasar. Abin da kocin ya yi shi ne ya kewaye ramin. Ya dogara da mutum biyu da ya yarda da su, Hudson da Sean Doolittle, sauran gurbin kuma ya riƙa cike shi da manyan masu farawa. Mutum biyun da dattijon nan ya ce a nemo ke nan. Da haka aka fitar da Dodgers mai nasara 106, a daren da Rendon da Soto suka tsallakar da ƙwallo biyu a jere a hannun Clayton Kershaw, Howie Kendrick kuma ya ci maki huɗu a bugu ɗaya a zagaye na goma. Aka share St. Louis huɗu ba ko ɗaya. Aka je wa Houston mai nasara 107 a karawar ƙarshe ta World Series, aka buga wasa bakwai wanda babu mai masaukin da ya ci ko ɗaya a gidansa. Ranar 30 ga Oktoba, Kendrick mai shekara 36 ya buga ƙwallon da ta daki ƙarfen iyakar fili, wanda daidai yake da tsallake katanga, Corbin ya riƙe zagaye uku, Hudson ya fitar da mutum na ƙarshe, aka tashi 6 da 2. Sau biyar a wannan wata ƙungiyar ta shiga wasan da in ta faɗi ta tafi gida, sau biyar ana gabanta, sau biyar ta dawo.

Akwai abin da ya fi kofin damuna, shi ne yadda muke magana a kan mutane. A tsakiyar Satumba ciwon ƙirji ya kama Martinez ana cikin wasa, aka wuce da shi asibiti aka duba zuciyarsa, ya yi kwanaki bai dawo ba. Ban ce surutunmu ne ya jawo ba. Amma da na ji labarin na tuna yadda na zauna a gaban ɗana, da bakin azumi, na yanke wa wani bawan Allah hukuncin a raba shi da abincinsa, alhali ban san komai game da aikinsa ba sai abin da na ji a rediyo. Kuɗin tikiti ya ba ni damar in yi fushi, in yi ƙorafi, in ce wannan canjin da aka yi kuskure ne. Ban ga inda ya ba ni damar in wulaƙanta mutum ba. Kuma yara suna ji. Yaron da ya taso yana jin ubansa na cewa a kori wane duk lokacin da abu ya ƙi, da wuya ya koyi tsayawa a kan abin da ya fara.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba, kuma ragowarsa ta koya mini ɗaya gefen. Bayan kofin, 19 da 31 ta zama kamar laya a bakin mutanen Washington. Duk shekarar da aka fara da rauni sai ka ji ana cewa ai mun taɓa ganin wanda ya fi wannan. Amma Rendon ya tafi Angels tun a wannan hunturun. Strasburg ya sa hannu a kan dala miliyan 245, jikinsa kuma ya ƙi, da ƙyar ya sake yin wasan kirki har ya yi ritaya. A Yulin 2021 aka sayar da Scherzer da Turner ga Dodgers, a Agustan 2022 aka tura Soto San Diego. Ƙungiyar ta faɗi wasa 97 a 2021, ta faɗi 107 a 2022, sannan 91 sau biyu a jere. A waɗannan shekarun wanda ya ce a yi haƙuri za a maimaita 2019, shi ma bai buɗe littafi ya duba ba, kamar dai mai cewa a kora. Babu wani Turner da ake jira yatsansa ya ɗoru. Na ji mutanen da suka yi gaggawar binne ƙungiya mai rai, su ne kuma daga baya suka ƙi yarda cewa wannan karon da gaske ne. Ina ganin masu ƙungiya sun ji daɗin wannan haƙurin fiye da yadda ya kamata, kuma a nan ne ya dace a ɗaga murya, a tambayi inda ake kashe kuɗi da inda ake renon sababbin yara, maimakon a jira wata mu'ujizar.

A farkon Yulin 2025 aka sallami Martinez da Rizzo rana ɗaya. Ina kan hanya ɗana ya kira ni, yanzu ya zama saurayi, muryarsa ta buɗe. Ya ce, "Baba, ka ji? Sun kore shi." Na ce na ji. Ya tambaye ni ko ina ganin an zalunce shi. Na ce masa shekara biyar da rabi ba wasa 50 ba ce, wannan karon an jira an gani, ko da yake ba shi ne ya sayar da Soto ba. Muka yi shiru. Can ya ce zai nemo mana tikitin saman bene, ko za mu dace mu tarar da dattijon nan, domin yana so ya ji abin da littafinsa ya ce.